Motar da Ta Ci Gonar Surukina

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A tashar Gidan Rumji, a bakin masallaci, har wurin mai shayi sai an tare ni: "Sale, yaya Kano? Ina kat-kat ɗin da kuka sayo?" Wasu don Allah suke tambaya, wasu kuwa sun san amsar sarai, so suke su ji ta daga bakina su samu abin dariya. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina lafiya.

Ni direba ne, na daɗe ina jan motar wani ɗan kasuwa tsakanin Maraɗi da Gidan Rumji. Surukina, mahaifin matata Dije, manomi ne a wani ƙauye bayan Gidan Sori, inda kwalta ba ta taɓa leƙawa ba, sai rairayi mai wahalar da jaki. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Allah bai bar masa ɗa namiji ba, ƙarfinsa kuma ya fara ja baya. Sai ya yanke shawarar sayar da babbar gonarsa, wadda kakansa ya sare tun zuwansu daga ƙasar Katsina, ya sayi ƙaramar motar kaya mai ja da ƙafa huɗu, wadda muke kira kat-kat, ta riƙa kwashe wake da gero da mutane daga ƙauyukanmu zuwa kasuwa. Ni zan ja, gida biyu su ci abinci. Bai bar wa kansa komai ba sai 'yar gonar bayan gida wadda ba ta cika rumbu. Babbar gonar nan ce, da ta zama kuɗi, aka ƙulle a ƙugun Baba muka tafi da ita Kano.

Ko wannan shawarar ban ji ta daga bakinsa ba. Ya gaya wa matarsa, ta gaya wa Dije, Dije ta gaya mini. Haka muke tun da na auri 'yarsa. In na gaishe shi a durƙushe ya amsa, shi ke nan, zance ya ƙare. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, balle in ce masa a'a. Kowa a garin yana yabona da wannan, ni ma da ina jin daɗin yabon. Saboda haka aka haɗa mu da na uku, Malam Nomau, abokin Baba tun suna kiwon awaki, wanda yanzu yake dillancin bisashe a kasuwar Gidan Rumji. Shi ne bakin da zai riƙa ɗaukar magana tsakaninmu.

Daga Maraɗi muka hau motar Ɗan Isa. Su biyu suka zauna a tsakiya, ni na koma can baya kusa da buhunan albasa don kada cinyata ta gogi ta Baba. Wahalar farko yunwa ce. A bakin iyaka Baba ya sayi dafaffen ƙwai da biredi, ya miƙa wa Nomau ya ce a ba yaro. Nomau ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, ya ce, "Kunya shika ji, Allah shi yi mishi albarka." Ya cinye nawa da nasa ina kallon ƙeyarsa tana motsi.

A iyakar an sauke mu an jera, masu kaki na wannan gefe da na wancan kowa ya duba abin da zai duba. Wurin 'yan canji ne abin ya ba ni tsoro. Sefar da ta shiga ɗamara guda, da aka mai da ita naira sai ta zama dami. Baba ya ɗaura ta a ciki, ya sa riga biyu a kai, ya fito da tumbi irin na manyan 'yan kasuwa. Duk shingen da muka tsaya daga Jibiya zuwa Katsina shi ake fara cewa ya sauko, ana kiransa Alhaji, shi da ko filin jirgi bai taɓa gani ba.

Mun sauka a Katsina gidan wasu dangin Baba, jikokin ƙanen kakansa. Sun karɓe mu hannu biyu, ba ni da abin faɗa a kansu, sai dai tsokana. Yaran gidan suna ta cewa an yi baƙi 'yan Nijar, suna sa ni in faɗi sunan makaranta da na ofis, in na ce lakol da buro su faɗi ƙasa da dariya. Aka kawo tuwon shinkafa. Baba ya ci loma kaɗan ya ce wa Nomau, "Wanga tuwo kumfa ne, ba shi riƙe cikin manomi." Da safe ya jira fura, aka kawo masa shayi da madara. Ɗaki ɗaya aka ba mu mu uku, don a wurinsu wannan ba komai ba ne, na ma ga surukin mai gidan yana tsoma hannu a kwano ɗaya da shi suna gardamar ƙwallo. Na ɗauki tabarmata na koma zaure, sauro ya yi bikinsa a kaina. A lokacin raina su na yi, na ce a zuciyata mutanen nan sun zubar da kunya.

Kano kuwa hayaniya ce ba ta yankewa. Adaidaita sahu ta ko'ina, kowa yana sauri kamar an aike shi kiran ungozoma. A gida mai sayar da akuya ma sai ya tambaye ka gida da iyali da damina kafin ya faɗi kuɗi. Can a filin sayar da motoci, kafin ka gama sallama an kama hannun rigarka ana ja. Wani dillali mai suna Ɗanlami, siriri mai farin gilashi da bakin zuma, shi ya yi nasarar janye mu. Ya dubi tumbin Baba sau ɗaya ya san abin da ke ciki.

Ya kai mu gaban wata fara. Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɗauke mata wannan ba. Fenti sabo, ƙafafu manya, an manna alamar ja da ƙafa huɗu a gefenta da jan rubutu. A ciki ga sandar giya babba, ga ƙaramar kusa da ita, wadda ake ja in an shiga rairayi don ƙafafun gaba su kama aiki. Aka tayar da inji, yana kiɗa lafiya lau. Na ga Baba ya shafa bayanta da tafin hannu yadda yake shafa bijimi in ya yi masa, na san ta riga ta shiga ransa.

Na cire hula na kwanta na shiga ƙarƙashinta. Akwai wata sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba, mu muna ce mata kardan, su suna cewa farfela. Ta baya tana nan. Wurin ta gaba fayau, sai ƙusoshi da tsatsa. Na fito na ja Ɗanlami gefe na tambaye shi. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba direba, kamar ba ɗan hannu ba? Nan kowa cire ta yake yi don ta rage shan mai, tunda a kan kwalta muke. Tana ajiye, yanzu a ɗaura maka." Maganarsa akwai gaskiya a ciki, na san ana yin haka. Amma na kuma san wani lokaci ana cire ta ne don abin da take juyawa ya riga ya mutu, kuma tsatsar da na gani ba ta jiya ba ce.

Baba yana tsaye cikin mutane, mai motar ya iso, an kawo benci. Ta yaya zan ratsa su in tsaya gaban surukina in ce kada ya saya, bayan kowa ya ga ya yaba? Sai na yi abin da aka koya mini tun ina ƙarami. Na yafito Nomau, na kai shi bayan wata babbar mota, na ce, "Malam, don girman Allah ka ce ma Baba kada shi ba da hannu. A ɗaura ƙarhen gaba tukun, mu hita da ita bayan gari inda rairayi yake, mu ga ƙahwahun gaba na ja. In ba su ja, wagga mota ba ta kai mu gida." Na maimaita masa har ya ce ya ji, ba kurma ba ne shi.

Na koma nesa na tsaya ina kallo. Nomau ya sunkuya ya yi wa Baba magana a kunne. Na ga Baba ya gyaɗa kai, ya waiwayo wajena da fara'a, abin da bai saba ba. Kafin in gane me ke faruwa ya miƙa hannu, mai motar ya kama, Ɗanlami ya ɗaga murya ya ce Allah ya sa albarka. Aka shafa fatiha. 

Da na samu Nomau shi kaɗai na tambaye shi abin da ya faɗa. Ya ce, "Na ce mishi yaro ya duba, ya ce mota lahiya lau, sai ɗan ƙarhe guda da za a ɗaura." Na ce haka na ce maka? Ya ɓata rai. "Kai yaro, ni tun kahin a haihe ka nike dillanci. Aikina haɗa ciniki, ban taɓa ɗaukar maganar da ka raba shi ba. Kuma da wane baki zan ce ma dattijo surukinai ya ce idonai bai gani ba? Gyara maka ita na yi." Wallahi har yau in na tuna kalmar nan ta gyara sai raina ya ɓaci. Mutumin da bai san bambancin kardan da muciya ba, shi ya tace maganata ya zubar da abin da ke cikinta.

Aka ɗauko wata sandar aka ɗaura, ban san daga jikin wace mota aka ciro ta ba. Na zaga da motar cikin unguwa, amma a kan kwalta mai ja da biyu da mai ja da huɗu duk ɗaya suke tafiya. Na ce wa kaina wataƙila Ɗanlami ya yi gaskiya. Mutum in ya rasa yadda zai yi, sai ya fara yarda da abin da ya fi masa sauƙi.

Kafin mu baro Kano Baba ya sa aka ƙara mata kwalliya da ragowar abin da ke ɗamararsa. Aka ƙara mata faifan ƙarfe a ƙafafun baya don ta ɗauki buhuna da yawa, har bayanta ya ɗaga sama. Mai walda ya yi mata keji na ƙarfe da tsani, inda mutane za su riƙe ranar kasuwa. Aka sa mata ƙaho mai kukan da ake ji daga nesa, don Baba yana so ƙauyukan da ke kan hanya su san ta taho. Duk ƙarfen da aka ɗora mata, ni nauyin da zai danna ta cikin rairayi nake gani, amma wa zan aika ya faɗa?

Dawowa ta fi tafiya wuya, don yanzu gaban motar mu uku ne, Nomau a tsakiya, Baba a bakin taga. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Yana ta lissafa wa Nomau kasuwannin da za mu riƙa ci, Cadakori, Gidan Sori, Tibiri, har ya ce in Allah ya yarda wata rana zai sake sayen gonar daga hannun wanda ya sayar wa, don ya yi masa alkawarin ba zai sayar wa bare ba. A iyaka takardun shigo da mota suka riƙe mu har muka kwana a Ɗan Isa, a rumfar wata mai tuwo da ta tausaya mana. Nan Baba ya samu furar da yake nema, ya sha ya yi hamdala ya ce ya dawo cikin mutane. Sau da yawa a hanyar nan na buɗe baki in ce, Baba, bari mu ratse mu gwada ta cikin rairayi, ko don mu san inda muke. Sai in ga Nomau yana harara ta, in ga Baba yana murmushi, in haɗiye. Ko da na faɗa ma, an riga an ba da hannu.

Daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji ta yi gudu kamar ba gobe. Muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya, nan ma ba ta yi gardama ba. Da la'asar sakaliya muka iso tudun rairayin da ke gaban garin su Baba. Ashe Nomau ya riga ya buga waya. Gari duk ya fito, mata suna guɗa, dattawa sun jeru a gindin gawo, na hango Dije da goyo tana ɗaga hannu. Baba ya ce wa Nomau a ce wa yaro ya busa ƙahon nan. Na busa.

Na ja ƙaramar sandar giya, na yi bisimilla, na taka. Ta shiga rairayin da ƙarfinta, ta yi 'yar tafiya, sai na ji bayanta yana nutsewa. Na leƙa ta taga na dubi ƙafar gaba. Tana tsaye cik, ko motsi. Na baya kuwa suna ta haƙa suna watsa wa masu guɗa ƙasa. Na koma baya, na sake gwadawa, ta ƙara zama. Guɗa ta mutu a hankali. Samari suka zo suka tura, aka kawo kara da itace aka cusa, aka rage iskar ƙafafu, duk a banza, ƙarfen da muka ɗora mata ya danne ta har ciki. Baba ya buɗe ƙofa, ya sauka, ya gyara hularsa, ya ratsa mutane da ƙafa ya shige gida. Wanda ya sayi gonarsa yana cikin waɗanda suka matsa suka ba shi hanya.

Washegari aka tono ta da shebur, na lallaɓa da ita ta gefen gonaki na mai da ita Gidan Rumji wurin wani makanike. Ya buɗe tukunyar ƙarfen da ke tsakanin ƙafafun gaba, wadda sandar nan take juyawa, ya kira ni ya ce in sa hannu. Na sa. Babu komai a ciki, ko haƙori ɗaya, an kwashe kayan tun tuni an rufe. Sandar da suka ɗaura mana iska kawai take juyawa. Ya duba akwatin ƙaramar giyar, ya ce shi ma an yi masa walda ta ciki. Da ya faɗi abin da gyaran zai ci, na san sai an sayar da wata gonar, ga shi babu ita. Na kira Ɗanlami. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Direba, ba kai ka shiga ƙarƙashinta ba? An sa albarka a gaban shaidu." Ya kashe wayarsa, bai sake ɗauka ba.

Yanzu tana Gidan Rumji, ina ɗan jan ta a kan kwalta, inda motoci suka fi fasinja yawa. Wata rana a samu na mai, wata rana a'a. Aikina na da kuwa an riga an ba wani. Nomau ya koma cikin awakinsa yana gaya wa mutane motar Kano sai a hankali, kamar ba da shi aka je ba. Ba na gaishe shi, kuma duk wanda ya ce dattijo ne in yi haƙuri, ya je ya yi haƙurin da kansa. Abin da na aika a faɗa a Kano ya isa kunnen Baba daga baya, ta hanyar da komai yake isa: na gaya wa Dije, ta gaya wa uwarta. Ban ji amsa ba.

Ranar da aka yi ruwan shuka ina ƙauyen. Da sassafe gari ya watse, kowa da sungumi a kafaɗa. Surukata ta leƙo ta ce wa Dije tsohon ya ɗauki sunguminsa da ƙwaryar iri ya fita, kuma bai nufi gonar bayan gida ba. Na bi sawunsa cikin danshi. Na same shi tsaye a kan iyakar babbar gonar, inda gamba ta yi layi, yana kallon 'ya'yan sabon mai ita suna sara suna jefa iri. Ya ɗaga murya ya ce musu, "Ku bar kwarin can sai an ƙara ruwa, iri ruɓewa shikai nan." Suka ce to Baba, suka ci gaba da abin da suke yi.

Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya juyo ya dube ni sosai, har na rasa inda zan sa idona. Ya ce, "Sale, an ce ka gani." Na ce, "Na gani, Baba." Ya gyara ƙwaryar irin a hannunsa. Sannan ya ce, "Kowa na ce mini na yi dacen suruki mai kunya. Da ɗan cikina ne kai, da ka yi mini tsawa gaban mutane rannan, in ji haushinka wata guda, yau ina cikin gonata."

Ya saɓa sunguminsa ya juya ya nufi gida. Na bar tazara tsakaninmu na bi bayansa.